Yadda Ake Tafiyar da Abincin Gidan Kula da Tsofaffi da Manhajar Kwamfuta

A gidan kula da tsofaffi mai mutum 80, abinci sau uku a rana yana nufin faranti 240 kowace rana, ban da abin taɓawa da abin sha na tsakani, kuma da wuya a sami faranti goma da suka yi daidai da juna ta kowace fuska. Wannan an rage masa gishiri saboda hawan jini, waccan ana auna mata abin da ke ɗaga suga, wancan haƙoransa sun ƙare, wata kuma tun da ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki ko ruwa zalla ta sha sai ta ƙware. Shekara da shekaru ana riƙe waɗannan bayanai a allon bango, da littafin miƙa aiki, da kuma kan tsohuwar ma'aikaciyar kicin da ta san kowa da sunansa da halinsa. Tsarin yakan tafi lafiya har ranar da ita ma'aikaciyar ta tafi hutu, ko ranar da likita ya canza wa mutum umarnin abinci da hantsi amma labarin bai isa kicin ba sai bayan an kwashe farantan rana.

Manhajar sarrafa abinci an yi ta ne domin toshe wannan giɓi. Masu sayar da ita za su yi maganar rage ɓarna, da sauƙin saye, da rahotanni masu launi, kuma duk waɗannan suna da amfani. Amma a ganina darajarta tana rataye ne ga abu guda: bayanin da ke cikinta game da kowane dattijo ya zama gaskiya a yau, kuma duk canjin da aka yi masa ya isa farantinsa kafin abinci na gaba. Duk matakan da ke ƙasa ana auna su ne da wannan.

Kafin a sayi komai

Aikin farko ba ya buƙatar kwamfuta. A ɗauki takarda a bi sawun umarnin abinci guda ɗaya tun daga bakin likita ko mai duba haɗiya har zuwa hannun wanda ya ajiye faranti a gaban mai shi. Wa ya rubuta, a ina ya rubuta, wa ya kwafa zuwa wata takardar, wa ya gaya wa kicin, kuma awa nawa aka ɗauka? Gidaje da yawa sai a nan suke gane cewa bayani ɗaya ana rubuta shi a wuri uku ko huɗu, kuma kowane kwafi wata dama ce ta kuskure. Wannan taswira ita za a ɗora a gaban mai sayar da manhaja, a ce ya nuna waɗanne matakai ne manhajarsa za ta cire.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko manhajar tana magana da rajistar lafiyar mazauna gidan da ma'aikatan jinya ke amfani da ita. Idan ba ta yi, to wani zai riƙa shigar da umarnin abinci sau biyu da hannu, kuma an dawo gidan jiya. Akwai ƙa'idojin musayar bayanan lafiya da aka sani a duniya, irin su HL7 da sabon tsarinsa FHIR, wanda ke da sashe na musamman domin umarnin abinci. A tambaya ko ana amfani da su, kuma ko canji yana wucewa nan take ne ko sai an jira dare. Manhajar da ke karɓar sabon bayani sau ɗaya a rana ba ta dace da gidan da ake canza wa mutane abinci da rana tsaka ba.

Bayan wannan sai a tambayi abin da ke faruwa idan intanet ya ɗauke, da yadda gidan zai kwashe bayanansa idan wata rana ya bar kamfanin, da kuma ko rubutun allon na'urar yana karantuwa ga mai girki da ke tsaye cikin tururi da jiƙaƙƙen hannu. Kada a yarda da gwajin da mai sayarwa ya shirya da nasa misalan. Gani ya kori ji: a ba shi bayanan mutum biyar mafiya wuyar sha'ani a gidan, bayan an cire sunayensu, a sa shi ya shigar da su a gaban shugaban kicin da shugabar ma'aikatan jinya, sannan a canza wa ɗaya umarni a ga minti nawa zai ɗauka kafin katin farantinsa, wato takardar da ke bin faranti tana faɗin abin da za a ba shi, ya sauya.

Bayanin kowane mutum

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci mafi yawa, domin duk abin da manhaja za ta yi daga baya daga nan take ɗebo shi. Shafin kowane dattijo ya ƙunshi sunansa da hotonsa na kwanan nan, da ɗakinsa da inda yake cin abinci, da umarnin likita, da abincin da jikinsa ba ya karɓa, da laushin abinci da kaurin abin sha da aka yarje masa, da abin da addininsa ko ra'ayinsa ya hana shi, da abin da yake so da wanda ba ya so, da yawan abin da yake iya ci, da irin taimakon da yake buƙata, ko dai kofi mai hannu biyu, ko cokali mai kaurin mariƙi, ko mutum ya zauna ya ba shi a baki. Kada a kwafe wannan duka daga tsohon allo kai tsaye. A zauna da mutumin, ko da danginsa idan mantuwa ta kama shi, a tabbatar da kowane layi, domin allon bango yakan riƙe umarnin da aka janye tun watanni shida da suka wuce.

Dole a raba abincin da ke tayar wa mutum da borin jini da abincin da kawai ba ya so. Wasu ma'aikata, da kyakkyawar niyya, sukan sa abin da dattijo ya ƙi a gurbin abin da ke cutar da shi domin su tabbata ba a kawo masa ba. Illar hakan tana zuwa a hankali: jan gargaɗi ya cika allo, ido ya saba da shi, ranar da gargaɗin gaske ya fito sai a wuce shi kamar sauran. Haka nan kada a rubuta irin wannan bayani a filin sharhi, inda kowa ke rubutu yadda ya ga dama. Manhaja ba ta karanta sharhi. Abin da aka zaɓa daga jerinta shi kaɗai take iya gwamawa da kayan girki. Jerin kansa ya danganta da dokar ƙasa. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14, a Amurka kuma manyan su tara ne tun da aka ƙara riɗi a farkon 2023, sauran kuwa madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo, alkama da waken suya. A daidaita manhajar da jerin ƙasar da gidan yake, a kuma bar gurbin ƙara abin da ba ya cikin jeri, domin jikin mutum ba ya bin jerin gwamnati.

Batun laushi da kauri shi ne mafi hatsari, kuma shi ne inda kalmomi suka fi yaudara. Idan an rubuta "abinci mai laushi", mai girkin safe zai fahimci abu ɗaya, na yamma ya fahimci wani. Domin kawar da wannan ruɗani ne aka samar da tsarin ƙasa da ƙasa na auna laushin abinci da kaurin abin sha mai suna IDDSI, wanda aka fitar a 2015 aka kuma sabunta a 2019, ƙasashe da dama suka karɓe shi. Yana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Abin sha yana daga mataki na 0, wato ruwa tsararo, zuwa na 4 mai kauri ƙwarai. Abinci kuma yana daga na 3 zuwa na 7, wanda shi ne abincin yau da kullum. Mataki na 4 shi ne niƙaƙƙen abinci mai santsi da ba ya buƙatar tauna. Na 5 dandaƙaƙƙe ne mai danshi, wanda ga babban mutum faɗin gutsurensa ba ya wuce milimita 4, kimanin tazarar da ke tsakanin yatsun cokali mai yatsu. Na 6 mai laushi ne da aka yanka ƙanana, kowane yanki bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Kowane mataki yana da lamba da suna da launi, kuma ya kamata dukansu uku su fito a katin faranti. A shafin mutum a rubuta matakin abinci daban, na abin sha daban, domin ana samun wanda ke cin mataki na 6 amma yana shan na 2.

Manhaja za ta faɗi matakin da ya kamata, amma ba ta iya taɓa abincin, saboda haka gwajin hannu yana nan. Ana gwada kaurin abin sha da sirinji mai cin mililita 10: a toshe bakinsa da yatsa a cika shi, a ɗauke yatsan na daƙiƙa goma, a duba abin da ya rage. Idan ya rage tsakanin mililita 4 da 8, mataki na 2 ke nan. Abincin mataki na 6 kuma ana danna shi da bayan cokali mai yatsu har farcen babban yatsa ya yi fari. In ya murƙushe bai koma siffarsa ba, ya yi. Manhaja mai kyau tana da gurbin da mai girki zai sa alamar cewa ya yi gwajin, da lokacin da ya yi shi.

Akwai kuma abincin da ke karo da magani. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ba a hana shi ganyaye masu bitamin K, amma ana so yawan abin da yake ci ya tsaya daidai daga mako zuwa mako. Lemon garehul yana ƙara ƙarfin wasu magungunan rage kitsen jini da na hawan jini. Mai ciwon ƙoda ana iya taƙaita masa sinadarin fotasiyam da fosfaras da ma yawan ruwa. Irin waɗannan a sa su a matsayin umarni daga likita ko masanin abinci, da sunan wanda ya bayar da ranar da za a sake dubawa.

Sai a tsayar da wanda ke da ikon canza me. Mai hidimar teburi yana iya rubuta cewa dattijuwa ta daina son shayi da madara, amma matakin haɗiya da umarnin likita ba mai taɓa su sai ma'aikacin lafiya da aka ba izini. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa. Lambar sirri guda da duk kicin ke amfani da ita, wadda aka manna a jikin firiji, tana rushe tarihin canje-canje gaba ɗaya, kuma ranar da aka nemi sanin wanda ya sauya umarni da lokacin da ya sauya shi, ba za a sami amsa ba.

Girke-girke da jadawalin abinci

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi gajiyar da mutane, kuma shi ne wanda aka fi yi wa ha'inci. Kowane girki sai an shigar da shi da kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, da nauyinsu a sikeli, da yawan mutanen da zai ciyar, da girman ludayin da ake rabawa da shi. Daga nan ne manhaja take lissafa kalori da furotin da gishiri, daga nan kuma take gane cewa miyar kaza tana da alkama saboda garin da aka kaurara ta da shi. Idan an rubuta girkin yadda yake a littafi alhali mai girki yana ƙara man shanu da hannunsa, to duk lissafin da zai biyo baya ƙarya ne mai tsari. A tsaya kusa da tukunya da sikeli a rubuta abin da ake yi a zahiri. Kayan gwangwani da na kwali kuma a shigar da su da sunan kamfaninsu, domin idan mai kawo kaya ya sauya wani da makamancinsa, abin da ke ciki yana iya sauyawa. A kafa doka cewa ba a buɗe sabon kaya sai an karanta takardar jikinsa an gyara manhaja.

Kowane girki yana buƙatar 'yan uwansa na sauran matakai. In akwai kifi da dankali a abincin rana, sai an rubuta yadda ake yin sa a mataki na 6 da na 5 da na 4, ko abin da zai maye gurbinsa idan ba ya niƙuwa da kyau. A kula da abin da ake sassauta niƙaƙƙen abinci da shi. Ruwa yana ƙara yawa ya rage amfani, sai mutumin da ya fi kowa rauni ya zama shi ke samun abinci mafi ƙarancin ƙarfi. Romo ko madara ko mai sun fi, gwargwadon abin da aka yarje masa.

Yawancin gidaje suna tafiya da jadawali mai zagayowa na mako uku zuwa biyar. Bayan an gina shi, a sa manhaja ta fitar da matsakaicin abin da kowane rukuni ke samu a rana, masanin abinci ya duba. Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, a jagorarta ta 2019 kan tsofaffi ta ba da ma'aunin farawa na kimanin kalori 30 da aƙalla giram ɗaya na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 yana neman kusan kalori 1,800 da furotin giram 60 ko fiye. Ta kuma ce a miƙa wa mata aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana, maza lita 2, sai dai in akwai ciwon da ya hana. A duba lokutan abinci ma. Dokar gidajen jinya ta Amurka ta hana tazarar da ta wuce awa 14 tsakanin abincin dare da karin kumallo, sai in an ba da abin taɓawa mai ƙosarwa kafin barci kuma mazauna gidan sun amince, a nan tana iya kaiwa 16. Ko a ƙasar da ba ta da irin wannan doka, ma'auni ne mai kyau, kuma manhaja tana iya yin gargaɗi idan an ƙetare shi.

A nan akwai tarkon da nake so a yi hattara da shi. Manhaja tana sauƙaƙa hani ƙwarai: danna ɗaya ya isa a cire wa mutum rabin abin da ke jadawali. Dattijo mai shekara casa'in da ke ramewa, idan aka tara masa hanin gishiri da na suga da na mai, abin da zai rage masa ba zai ci ba. Jagorar da aka ambata ta yi gargaɗi a kan takurawar da ke rage cin abinci ga tsofaffi. Saboda haka duk wata uku a fitar da jerin masu hani fiye da ɗaya, a kai wa likita ya duba wanne ne har yanzu yake da dalili.

Daga zaɓi zuwa faranti

Idan bayanan mutane da girke-girke sun kammala, manhaja za ta nuna wa kowane dattijo abin da ya halatta gare shi kaɗai. Ma'aikaciya za ta zagaya da kwamfutar hannu tana tambaya. Yadda take tambayar yana da muhimmanci kamar na'urar. Ta zauna daidai da shi, ta juya masa allon ya ga hoton abincin, ta ce, "Baba, yau akwai kifi akwai kaza, wanne za a kawo maka?" sannan ta jira amsa, ko da za ta ɗauki minti ɗaya. Mai fama da mantuwa ba ya tuna abin da ya zaɓa jiya, don haka a matso da lokacin zaɓi kusa da lokacin ci gwargwadon yadda kicin zai iya, ko a nuna masa faranti biyu a teburi ya nuna da hannu. Kada a bar manhaja ta riƙa cike wa mutane zaɓi da kanta saboda sauri, domin zaɓin abinci yana cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannun wanda ya bar gidansa.

Daga zaɓin ne takardar girki ke fitowa: kifi faranti 46, bakwai daga ciki a mataki na 5, huɗu a mataki na 4. Sai katin faranti, wanda shi ne ƙarshen duk wannan aiki. A ɗauki misalin dattijuwar da aka dawo da ita daga asibiti da ƙarfe goma da rabi na safe, takardar sallamarta tana cewa abinci mataki na 5, abin sha mataki na 2, alhali kafin ta tafi tana cin na 7. Ma'aikaciyar jinya ta shigar da canjin da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Abin da ake so shi ne allon kicin ya yi ƙara nan take, shugaban kicin ya danna alamar ya gani, zaɓin da ta yi a baya ya soke, sabon kati ya fito. Amma katunan rana an riga an buga su tun ƙarfe tara, kuma tsohon katinta yana nan a cikin tarin. Idan ba wanda aka ɗora wa alhakin zare shi ya yaga, farantin da zai je mata da ƙarfe goma sha biyu da rabi zai bi tsohon kati, manhaja tana nuna daidai, faranti yana ɗauke da kuskure. Maganin wannan abu biyu ne: a jinkirta buga katuna zuwa dab da rabon abinci, kuma kowane kati ya ɗauki ranar da lokacin da aka buga shi. Canjin matakin haɗiya kuwa, ban da shigar da shi, a bi shi da kiran waya zuwa kicin.

Wajen miƙa faranti a tabbatar da mutum ta hanya biyu, suna da hoto, ko suna da ranar haihuwa. Lambar ɗaki ba shaida ba ce, domin ana sauya wa mutane ɗaki, kuma tsofaffi sukan zauna a kujerar juna.

Abin da ya dawo a faranti

Gidaje da yawa suna tsayawa da zarar abinci ya fita daga kicin, alhali rabin amfanin manhaja yana cikin abin da ya dawo. Kafin a kwashe faranti a rubuta abin da aka ci: duka, kashi uku cikin huɗu, rabi, kwata, ko ba a taɓa ba. A rubuta a teburin, a lokacin, domin abin da aka cike daga ƙwaƙwalwa a ƙarshen aiki yakan zama "ya ci rabi" ga kowa. Ya fi kyau a raba ɓangarorin, saboda wanda ya cinye shinkafa ya bar nama kullum yana rasa furotin ko da farantinsa ya yi kamar an ci. Abin sha ma a rubuta shi da mililita, bayan an auna kofunan gidan an san abin da kowanne ke ci. Tsufa yana rage jin ƙishirwa, kuma dattijo yana iya bushewa ba tare da ya nemi ruwa ba.

A haɗa wannan da awon nauyi, aƙalla sau ɗaya a wata, a kan sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. A saita manhaja ta yi gargaɗi idan mutum ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida. Ga mai kilo 60, kilo uku ke nan a wata. Manhajoji da dama suna ɗauke da ma'aunan tantance tamowa irin su MUST, wanda aka fitar a Birtaniya a 2003, ko MNA da aka tsara musamman domin tsofaffi. Sai dai gargaɗin da ba shi da mai karɓa ba shi da amfani. A rubuta sunan muƙamin da zai gan shi, da kwanakin da aka ba shi ya ɗauki mataki, sannan wani ya je ya zauna da mutumin lokacin cin abinci ya duba da idonsa. Manhaja za ta ce ci ya ragu. Ba za ta ce haƙoran roba sun yi masa yawa ba, ko bakinsa yana ciwo, ko abokin teburinsa ya rasu makon jiya.

Rahoton ragowa yana kuma gaya wa kicin gaskiya game da girkinsa. Abincin da rabin gida ke mayarwa duk ranar da ya zagayo, a gyara shi ko a cire shi daga jadawali.

Zafi, sanyi da sito

Wannan ɓangare ya fi sauƙin saitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe abinci mai sanyi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, mai zafi sama da 60, a dafa har cikinsa ya kai 70, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. Dokar kowace ƙasa tana iya ɗan bambanta, ita za a sa a manhaja. Tsofaffi ba su da ƙarfin jure gubar abinci, kuma ƙwayar listeriya tana iya yaɗuwa ko a cikin firiji, saboda haka ranar buɗe kaya da ranar zubar da shi su fito a takardar da ake mannawa. Na'urorin auna sanyi da ke aika saƙo idan firiji ya lalace da dare sun cancanci kuɗinsu. A riƙa auna zafin faranti na ƙarshe da ya isa ɗaki mafi nisa, domin zafin tukunya ba shi ne abin da dattijo ke ci ba. A sito kuma, manhaja za ta lissafa abin saye daga jadawali da yawan mutane, ta kuma nuna kayan da wa'adinsu ya kusa domin a fara da su, amma sai an riƙa ƙirga kaya da hannu kowane mako ana gwamawa da abin da ta ce.

Fara aiki da ranar da manhaja ta tsaya

Kada a kunna komai a rana ɗaya. A fara da sashe guda na gidan, a tafi da tsohon tsari da sabo tare na mako biyu, ana gwama katunan manhaja da tsohon allo a kowane abinci. Duk inda suka saɓa a bincika wanne ne daidai. Wani lokaci allon ne ya tsufa, wani lokaci shigarwar ce aka yi kuskure. A horar da kowane rukuni a kan abin da ya shafe shi kaɗai, a wurin aikinsa, kuma kada a manta da masu aikin dare da na ƙarshen mako da masu riƙon ƙwarya, domin a lokacinsu ne shugabanni ba sa nan. Tsohuwar ma'aikaciyar nan da ta san kowa a sa ta a gaba wajen tantance bayanai. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da ta sani game da wanda ba ya ci sai an yanka masa burodi gida huɗu ya kamata ya shiga shafinsa tun tana nan.

Bayanan abinci bayanan lafiya ne, kuma dokokin sirri irin su GDPR a Turai da HIPAA a Amurka sun shafe su. Katin faranti ya faɗi abin da za a ba mutum ba tare da sunan ciwonsa ba, allon kicin kada ya fuskanci inda baƙi ke wucewa, katunan da aka gama da su a yayyaga su, kuma ma'aikacin da ya bar aiki a rufe shigarsa a ranar.

Wata rana wuta za ta ɗauke, ko intanet ya yanke, ko kamfanin ya rufe manhajar domin gyara, kuma mutum 80 za su ci abinci a kan lokaci duk da haka. Kowane dare a buga jerin mazauna gidan da matakin abincinsu da na abin shansu da abin da jikinsu ba ya karɓa, a sa a fayil guda a kicin, a cire na jiya a yaga. A ajiye fararen katuna da alƙalami kusa da shi. Duk canjin da aka yi lokacin da manhaja ke tsaye a rubuta shi a takarda ɗaya da sa hannu da lokaci, kuma idan ta dawo, mutum biyu su shigar da su tare, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bugawa, kafin a buga katin abinci na gaba. Sau biyu a shekara a zaɓi abincin rana guda a kashe allon da gangan a yi rabon daga fayil ɗin, shugabar ma'aikatan jinya tana tsaye a bakin layi tana duba kowane faranti kafin ya fita.